Hayar kanofi a Tudun Wada: sanarwar rufe layi ta yi, kwashe kaya ne suka gaza

Masu hayar kanofi da kujeru sun yi yawa a Zariya yanzu, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari har Samaru kusan duk layin da ka leƙa sai ka ga shago an jibge fararen kujerun roba har rufi, kuma in gaskiya za a faɗa kayan duk kusan iri ɗaya ne, kanofi dai kanofi ne. Inda ake bambanta shi ne yadda za su shigo maka unguwa da kuma yadda za su fita. Wanda muka ɗauka a bikin ƙanwata shagonsa na nan ta wajen Tudun Wada, ba zan kama suna ba tunda maganar tawa akwai yabo akwai ƙorafi, amma mutanen yankin za su gane shi, don shi ne wanda ba ya kafa ko ƙarfe ɗaya sai ya tabbatar duk mai ajiye mota a layin ya ji ranar da za a rufe da lokacin da za a buɗe. A kan wannan nake son yin magana, kujeru da sauran tarkace zan taɓa su sama-sama.

Duk wanda ya zauna cikin birni ko Gyallesu ko Tudun Jukun ya san ba a gina gidajen nan da tunanin mota ba. Zaure ne sai tsakar gida sai ɗakuna, mota kuwa waje take kwana, a ƙofar gida ko gindin katangar maƙwabci ko wani ɗan fili da kowa ya san na wane ne duk da babu wata takarda. Layin kuma ga kwata ta ci gefe da gefe, in motoci biyu suka yi kiciɓis dole ɗaya ta yi ribas. To a irin wannan wurin ne mutum zai fito safiyar Asabar da makulli a hannu zai kai yara Islamiyya ko zai leƙa kasuwar Sabon Gari, kawai ya tarar an kafa kanofi uku an zagaye motarsa da kujeru, mata sun fara zama, an girke tukwane a bayanta, wani yaro ma ya haye but yana shan fiya wata. Ka yi magana a ce ba ka da kara, ka yi shiru yininka ya tafi a banza. Da yawan gabar da ke tsakanin maƙwabta a unguwanninmu in ka bi salsala daga nan ta faro, shekara da shekaru ana gaisawa sama-sama saboda wani biki da aka manta ma amaryar wace ce.

In rasuwa ce babu mai cewa uffan, mutuwa ba ta sallama, mutum da kansa zai fito ya janye motarsa ya kuma kama shimfiɗa tabarmi. Suna ma ana da kwana bakwai a hannu tun ranar haihuwa. Amma biki fa? Bikin da aka sa ranarsa tun watanni, aka buga kati, aka fitar da anko, aka kama mai ɗinki da mai kwalliya, a ce maƙwabcin da za a toshe wa ƙofa shi ne na ƙarshen ji? Wannan kam ba uzuri.

Ranar da na je ba da kafin alƙalami na ɗauka tambayar kujera nawa kanofi nawa kawai za a yi, sai mutumin ya jawo wani littafi ya fara jero min tambayoyi. Alhaji layin naku yana ɓullewa ko ya toshe? Akwai masallaci a ciki? Akwai kemis ko injin niƙa ko mai shago da ake sauke wa kaya? Akwai mai juna biyu da ta kusa ko tsoho mara lafiya da za a iya cewa a fita da shi cikin dare? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta sa na gyara zama, don akwai wata baiwar Allah gida biyu tsakaninmu da cikinta ya tsufa, kuma mu da muke zaune a layin babu wanda ya kawo ta a lissafi. Ya ce to ta ɓangaren gidansu ba za a rufe ba, daga ƙofarsu zuwa bakin titi a bar shi fayau, kanofin a matsa da shi ciki.

Sannan bai yarda da lissafina na motoci ba. Yaronsa ya turo, kuma ba da rana ba, bayan sallar isha'i, wai da rana layi yaudara ne kowa ya fita nema, sai dare ake sanin masu wurin. Yaron ya bi da tocilan waya yana rubuta lambobi yana tambayar yara ta gidan wa ce wannan, ta gidan wa ce waccan, har Keke Napep guda biyu da ake ɗaurewa da sarƙa a jikin falwaya sai da ya sa su. Washegari shi mai shagon ya ce mu je wajen mai unguwa, amma ya ce ba shi zai yi magana ba, kawunmu ne zai yi tunda shi ne babba kuma shi ake jin kunya. Muka je muka zube, ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu, mai unguwa ya yi addu'a ya sa albarka ya ce a gaya wa ladan ya faɗa bayan magariba.

Takardar sanarwar saura kwana uku aka manna ta, ranar Laraba don rufewar Asabar. Farar takarda ce da manyan baƙaƙe an saka ta cikin leda saboda ruwa, Hausa a sama Turanci a ƙasa don 'yan haya da ɗaliban ABU da na Nuhu Bamalli da ba duka ke karanta Hausa ba. Abin da ke ciki kaɗan ne amma ya wadatar, sallama da neman afuwa, sai ranar da za a rufe da ƙarfe nawa, sai daga ina zuwa ina, an rubuta ƙarara daga bakin masallaci zuwa kwalbati, sai ranar da za a buɗe da ƙarfe nawa, sai inda za a kai motoci, sai lambar wayar mai shagon da tawa. An manna a duka bakin layin biyu da jikin falwaya, kowace mota kuma an saƙala mata ɗaya a ƙarƙashin waifa. Yaron yana mannawa yana ɗaukar hoto yana turo min ta WhatsApp, da na tambayi amfanin hoton sai ya ce Yallaɓai gobe wani zai rantse bai gani ba.

Na tambayi mai shagon me ya sa kwana uku, ba ɗaya ba ba mako ba. Ya ce kwana ɗaya zalunci ne, don akwai direban da ya yi lodin Abuja ko Kano sai jibi, akwai ma'aikacin asibitin Shika da ke dutin dare in ya dawo barci kawai yake yi, akwai wanda ya bar motar ya hau ta haya ya tafi Kaduna da makullin a aljihu. Mako guda kuma takardar ba ta kaiwa, yara su yage, akuya ta ci, wanda ya karanta ma ya manta. Ni dai bayanin ya shige ni.

Abin da ya ba ni mamaki, wannan lissafin nasa da ya samo a bakin aiki shi ne doka a wasu manyan biranen Amurka. A Washington da San Francisco in za ka hana fakin na ɗan lokaci a layin da babu mitar biyan kuɗi, wato irin layukan gidajen zama, dole allon sanarwa ya kasance a kafe awa 72 kafin lokacin, inda ke da mita kuma awa 24, in ba ka cika wannan ba to ba ka da bakin cewa a kawo janwe a ja motar wani. A Landan kuma akwai layukan da sai mazaunin unguwa mai famit daga ƙaramar hukuma ne ke fakin, kuɗi yake biya a kan famit ɗin, amma duk da haka hukuma kan dakatar da wurin in wani zai yi ƙaura ko za a gyara titi ko za a ɗauki fim. Mai buƙata shi zai nema tun da sauran kwanaki ya kuma biya, kowace ƙaramar hukuma da nata adadin kwanakin, sai a rataya allo mai ruwan ɗorawa da ke nuna rana da awa da iyakar wurin. Ka bar motarka a tara ta hau kanka, ana ma iya ɗauke ta, amma in allon bai fito yadda ya kamata ba kana da damar ɗaukaka ƙara gaban masu sauraron ƙorafi da ba ma'aikatan ƙaramar hukumar ba ne. Wato su can sanarwar ce ke ba ka iko a kan wurin, babu ita babu iko.

Mu a nan takardar ba ta da wannan ƙarfin, kuma mai shagon bai ɓoye min ba. Ya ce Alhaji wannan roƙo ne ba umarni ba, wanda ya ƙi janye motarsa ni ba zan taɓa ta ba, sai dai mu kauce mata. Kuma ya gaya min tun farko shi ba ya kafa kaya a babban titi ko nawa za a ba shi, wannan hurumin hukuma ne, mutum ya je ya ji da 'yan KASTLEA masu kula da dokokin hanya a jihar Kaduna da 'yan sanda tukun. Wani zai ce ai lokacin hawan sallah ana rufe hanyoyin fada babu mai manna takarda, to ai wannan duk Zazzau an san ranarsa tun kafin a ga wata, bikin gidanku kuwa ku kaɗai kuka sani.

Inda aka kai motocin wani filin wankin mota ne a bakin layi, an yi magana da mai wurin an kuma ba 'yan sintiri na goro su riƙa leƙawa, kuma wannan kuɗin yana cikin abin da na biya, ba a karɓi ko sisi a hannun maƙwabta ba. Wannan yana da muhimmanci, don ka ce wa mutum ya ɗauke motarsa ba ka nuna masa inda zai kai ba, ai ba ka yi komai ba, musamman yanzu da ɓarayin batir suka addabi mutane. Zuwa daren Juma'a layi ya zama wayam, sai mota ɗaya.

Wata tsohuwar Fijo 504 ce ta wani dattijo, ta fi shekara ba ta motsa ba, tayoyi biyu sun kwanta, ƙura ta rufe gilashi har yara sun rubuta sunayensu da yatsa, kaza ta yi kwanci a ƙarƙashinta. Yaran shagon suna zuwa ɗayansu ya ce motan nan na waye, mu tura shi gefe kawai. Ogan nasu ya daka masa tsawa ya ce kul, ya shiga zauren dattijon da kansa ya durƙusa, Baba ina wuni, Baba mun zo neman alfarma ne. Tsohon ya ce shi bai ga wata takarda ba, kuma gaskiyarsa ne, ba ya karatun boko, ajami yake yi, magaribar da aka yi sanarwa kuma bai fito masallaci ba ƙafa ta matsa masa. Aka yi ta lallami, daga ƙarshe ya miƙo makulli ɗaure da wani tsumma, aka kira mai faci ya ba tayoyin iska, matasa suka tura ta ƙarƙashin dalbejiyar gaba shi kuma yana tsaye da sanda yana cewa a bi a hankali da sitiyarin. Kazar ce kawai ba a nemi izininta ba. A nan na ga giɓi ɗaya a tsarin nasu, takarda da sanarwar masallaci ba sa kaiwa ga kowa, tsofaffi da matan da mazansu ba sa gari sai an bi gida-gida, kuma layi biyu na ajami a ƙasan takardar ba zai ci musu komai ba a gari irin Zariya.

Ranar biki kam aikinsu ya yi kyau. Da asuba suka zo, kafin ƙarfe takwas an gama kafawa, kuma sun bar 'yar hanya ta gefe wadda babur da kurar 'yan garuwa za su wuce, suka ɗaure igiya a bakin layi da jan ƙyalle, yaro ɗaya ya zauna a wurin yini guda yana nuna wa baƙi inda za su yi fakin yana kuma juya masu Keke su bi ta layin baya tun kafin su kutso su rasa wurin juyawa. Malaminmu ya sha karanta mana hadisin nan na Bukhari da Muslim da ke cewa a ba hanya haƙƙinta, kuma kamewa daga cutar da mutane yana cikin haƙƙin, to a aikace dai ranar na ga an gwada. Kujerun an wanke su, ba irin waɗanda za ka zauna da farar shadda ka tashi da taswira ba, guda biyu ne kawai masu tsagaggen ƙafa kuma da aka nuna musu suka canza. Kanofin ɗaya yana da faci a kusurwa, da hadari ya taso da la'asar ya ɗan yi yoyo a kan 'yan uwan ango, amma ƙarafan ba su motsa ba don sun ɗaure su da buhunan yashi maimakon kafa turaku a ƙasa, wanda hakan ma na yaba, ban son a tafi a bar mana ramuka. Janareto da lasifika ba nasu ba ne don haka ba zan ɗora musu hayaniyar ba.

Yanzu ga inda suka ɓata rawarsu da tsalle. Takarda ta ce za a buɗe layi ranar Lahadi ƙarfe goma na dare. Taro ya watse tun tara, kujeru an tattara an jera, amma motar kwasar kaya shiru. Na kira ya ce tana hanya. Sha ɗaya na sake kira wai tana Samaru wajen wani bikin, ta tsaya a Kwangila, yanzu za ta iso. Daga nan waya ta daina shiga. Safiyar Litinin, ranar makaranta ranar aiki, kanofi uku na nan tsaye a tsakiyar layi da tulin kujeru, mutanen da suka yi mana kara suka kwana uku motocinsu na waje sun fito da yara da jakunkuna suna taka ƙafa zuwa bakin titi, tifar yashi da wani mai gini ya yi oda tun da ya karanta cewa Lahadi za a buɗe ta zo ta juya, kuma kowa ya san direban tifa ba ya juyawa kyauta. Lambata ce a jikin takarda, don haka ni na sha kira. Wani maƙwabcina da ko gaisuwa ba ya ɗaga murya ya ce min, Malam da ba ku rubuta lokaci ba da ban sa rai ba. Ban da abin cewa, don maganarsa dutse ce. Sai wajen azahar motar ta zo.

Abin da ya fi ba ni haushi ba lattin ba ne kaɗai, mota tana lalacewa, aiki yana cakuɗewa, wannan kowa ya sani. Amma mutumin da ya iya turo yaro cikin dare ya ƙirga motoci, ya kasa turo yara biyu su kwance kanofin su jingine ƙarafan a jikin katanga? Aikin rabin awa ne fa, hanya ta buɗe, kayan su jira motar har gobe ma. Duk tsarin nasu an gina shi ne a kan shigowa, fita kuwa an bar wa Allah ya kyauta. Kuma da suka kwashe ba su cire takardunsu ba, har yanzu akwai guda a jikin falwaya, ɗaya kuma da sitati suka manna ta a katangar wani da bai daɗe da yin fenti ba, da aka ɓare sai da ta tafi da fentin.

Da na je biyan balas na faɗa masa duk wannan ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bai yi musu ba, ya ce ya karɓi aiki uku a ƙarshen mako ɗaya da mota ɗaya, ya rage min wani abu a kuɗin, ya kuma bi ni har gidan mai tifar yashin ya ba shi haƙuri, wanda ba kowane ɗan kasuwa zai yi ba. Amma ragin ni aka yi wa, waɗanda suka taka ƙafa da yara ba su ga komai ba.

Maganar kuɗi, ya fi na sauran shagunan da na taya tsada, ba da yawa can ba amma za ka ji a jikinka, kuma kuɗin mota daban yake caji gwargwadon nisa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 dama kowa haka yake yi, in gidanku Wusasa ne ko Shika ko Basawa to ka shirya. Yana karɓar taransifa, yana ba da rasit da adadin kujeru a rubuce, kuma a gabanka ake ƙirgawa wajen saukewa da wajen lodi, kujerar da ta ɓace kai za ka biya, don haka ka sa wani ɗan gida ya tsaya a kai, maƙwabta na aron kujera su shiga da ita gida da niyyar dawowa da ita.

Zan sake ɗaukarsa? Eh, in layin mai motoci ne da 'yan haya, don ban ga wani mai yin wannan sanarwar ba kuma ita ce ta sa muka yi taro babu wanda ya zo yana huci a gaban baƙi. In kuwa gidanku na da fili ko a holi za ku yi, kuɗin sanarwar asara ce, je ka wajen mai araha. Wanda zai ɗauke shi ya tambaye shi aiki nawa ya karɓa a wannan makon, musamman watan Sha'aban da bayan sallah da Disamba lokacin da bukukuwa ke cunkushewa. A rubuta a rasit cewa ko mota ta zo ko ba ta zo ba za a kwance kanofi a lokacin da aka sa a takarda, kar kuma a cika masa balas sai hanya ta buɗe. In taron zai kai daren Lahadi ku nemi a bar muku yara biyu da sifana su jira har a tashi.